Rantsuwar Yarinya a Cikin Wata Waƙar Amurka

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in faɗi ra'ayina game da wata waƙar Turanci wadda na ga wasu 'yan'uwana ɗalibai sun iya rera ta, amma kaɗan ne suka tsaya suka duba abin da take cewa. Na san akwai malaman da za su ce me ya haɗa shafin Hausa da waƙar Amurka. To, ina roƙonsu su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, gama abin da ke cikinta ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Sunan waƙar "The Only Exception", watau wanda aka toge shi kaɗai, kamar a ce an yi wa mutane duka kuɗin goro sai aka tsame mutum guda. Wata ƙungiyar mawaƙa ce ta Amurka mai suna Paramore ta yi ta. Ta fito a cikin faifansu na uku, Brand New Eyes, a watan Satumba na 2009. Mai rera ta wata mace ce, Hayley Williams, ita da makaɗin jitarsu Josh Farro suka tsara ta. Waƙa ce mai sanyi, babu hayaniyar gangunan da aka san ƙungiyar da ita, kuma ta karɓu har ta shiga takarar kyautar Grammy a 2011. Mutane da yawa sun ɗauke ta waƙar soyayya ce zalla, har akwai masu sa ta ranar bikin aurensu. Ni kuwa a nawa ɗan sani, wanda ya ji soyayya kaɗai a cikinta amshi ya ji, bai saurari baitoci ba. Waƙar nan shaida ce ta yarinyar da auren iyayenta ya mutu a gaban idonta, kuma a kan haka nake so a fahimce ta.

An haifi Hayley a 1988 a garin Meridian na jihar Mississippi, can kudancin Amurka. Iyayenta sun rabu tun tana yarinya. A 2002, tana da shekara 13, ita da mahaifiyarta suka bar garinsu suka koma Franklin a jihar Tennessee. A nan ta haɗu da Josh da ƙanensa Zac, har suka kafa ƙungiyarsu a 2004. Sa'ad da ta rubuta waƙar nan shekararta 20, watau da shekara huɗu kurum ta fi mu a yadda muke yanzu.

To, mu shiga cikin waƙar. Tun da shafin Hausa ne, ma'ana zan bi, in bar musu kalmominsu. Baitin farko da mahaifi ya fara, babu ko alamar saurayi. Yarinya ce ƙarama take kallon ubanta yana zubar da hawaye, yana ta faɗa shi kaɗai. Mawaƙiyar ba ta ɓoye ba cewa shi ya jawo wa kansa, da hannunsa ya ɓata abinsa, ga shi kuma yana ta fama ya gyara. Sai ta juya wajen uwa. Ita uwar rantsuwa take yi, cewa abin nan da ya faru ba za ta bari ya fita daga ranta ba. Daga nan sai yarinyar ita ma ta ɗauki nata alkawarin a ranar, cewa muddin ƙauna ba gaskiya ba ce, to bakinta ba zai rera mata waƙa ba.

Ku duba yadda aka jera mutanen nan uku. Uba yana nadama, uwa tana riƙo, yarinya tana tsaye tana kallo. Duk baitin babu inda aka ce ɗaya daga cikin manyan nan biyu ya waiwayo ya dube ta, balle ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Kowa ciwonsa ya ishe shi. Su a zatonsu yarinya ce, ba ta san komai ba, gobe in ta fita wasa za ta manta. Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma lalle gaskiya ne. Amma akwai abin da yaro ke gani daga bakin ƙofa wanda babba ba ya gani, domin shi babba yana tsakiyar rigimar. Yaro ba ya jin dalilai. Bai san maganar kuɗin cefane ba, bai san wanda ya zuga wani a cikin dangi ba. Fuska yake gani. Ganin hawayen uba kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗa, ko a Amurka ko a ina, gama shi ne mutumin da ka tashi kana zaton ba abin da ke kayar da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rantsuwar nan biyu da suka biyo juna. Uwa ta rantse, 'ya ta rantse. A wurin wa ta koya? Babu wanda ya kira ta ya ce ta ƙi aure ko ta ƙi ƙauna. Ta ga dai yadda babba ke yi in an ɓata masa, watau ya ɗaure zuciyarsa da alkawari don kada a sake, sai ita ma ta ɗaure tata. Ashe ba kamanni da gona kaɗai ake gada ba, har riƙo ana gada. Ku lura kuma da abin da ta rantse a kansa. Ba irin fushin yara na yini ɗaya ba ne, na a ce ba zan ci tuwo ba. Waƙa ta ambata, ita kuwa murya ce dukiyarta. Kamar maƙeri ne a ƙauye ya ce zai ƙera komai amma ban da fartanya, alhali fartanya ita kowa ke nema. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa wannan ce waƙar soyayya ta farko da ta rubuta ta ji ta gamsu da ita. Watau a cikin waƙar da take ba mu labarin rantsuwar, a cikinta take karya ta.

Yanzu ga inda gardama take. A ƙarshen waƙar mawaƙiyar ta yi amfani da kalmar nan ta Turanci da suke faɗa in za su ce mutum ya yi imani. Saboda haka na ji wasu 'yan ɗakin kwananmu suna cewa ai ma'anar waƙar ita ce rabuwar iyayenta ta fitar da ita daga addini, ta daina yarda da Allah, sai da ta sami saurayi sa'an nan ta komo. Har wata ta ce sauraronta ma saɓo ne. Ni ban karɓi wannan fassara ba. Turawa kalma ɗaya suke yi wa abubuwan da mu muka rarraba. Mu muna da imani, wanda na Allah ne da manzanninsa. Muna da yarda, wadda ke tsakanin mutum da mutum. Muna kuma da amana, wadda ake ba ka ka riƙe. Daga farkon waƙar har ƙarshenta ba a ambaci Allah ba, ba a ambaci coci ko addu'a ba. Abin da ya ɓace wa yarinyar nan yarda ce, yarda cewa mutum biyu za su iya cewa za su zauna tare kuma su zauna ɗin.

Duk da haka kada mu yi saurin cewa addini ba ya kusa. Kudancin Amurka inda ta tashi wuri ne na masu riƙo da Kiristanci ƙwarai, kuma 'yan ƙungiyar nan tun farko ba su ɓoye cewa su Kiristoci ba ne. Auren coci kuwa, alkawari ake ɗauka a gaban jama'a cewa mutuwa ce kaɗai za ta raba. Yaron da aka koya masa haka ranar Lahadi, ya komo gida ya tarar ana raba kujeru da tukwane, tilas ya tambayi kansa: in wannan alkawarin bai tsaya ba, wanne ne zai tsaya cikin sauran abin da aka gaya mini? Ko a cikin ƙungiyar ma maganar addini ta taɓa jawo saɓani. Da Josh da Zac suka fita a watan Disamba na 2010, cikin ƙorafin da Josh ya bayyana har da cewa kalmomin wata waƙa ta faifan nan sun saɓa wa abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki nasu. Wata waƙa ce daban yake nufi, amma ya nuna mana cewa mutanen nan ba da wasa suke ɗaukar kalmomin da suke rerawa ba.

A ganina imani da yarda maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su. Yaro bai fara sanin rahamar Allah daga littafi ba. A hannun uwa da uba ya fara ɗanɗana ta. Su suka koya masa bisimilla, su suka hore shi da haƙuri da cika alkawari. In gobara ta kama ɗakin yarda, ba abin mamaki ba ne hayaƙi ya shiga ɗakin imani. Wannan ba hujja ba ce ga kowa ya yi wasa da addininsa, domin laifin bawa ba ya hawa kan Mahaliccinsa. Amma wanda ya ga yarinya ta yi sanyi da salla bayan an saki uwarta, ya kamata ya fara tambayar abin da ke damunta kafin ya ɗauko bulala.

A baiti na biyu yarinyar ta girma, tana bayyana irin zaman da ta zaɓar wa kanta. Ta riga ta yanke hukunci cewa ƙauna ba ta daɗewa. Don haka ba ta barin kowa ya matso kusa, tana nuna wa duniya fuskar wadda ba abin da ya dame ta, tana lallashin kanta cewa kaɗaici ya ishe ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma abin tausayi a nan, ba ita macijin ya sara ba. Iyayenta ya sara, ita kallo ta yi, ga shi kuwa ita ke gudun tsumma shekara da shekaru. Wannan baiti ya fi na farko ciwo ko da yake babu hawaye a cikinsa, domin mai irin wannan hali ba a gane ta. Ba ta faɗa da kowa, ba ta kuka, tana cin jarrabawa, malamai suna yabonta da natsuwa. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya mun san irinta. Ita ce za ta taimake ki da wanki, ta koya miki lissafi, amma ba za ta taɓa gaya miki abin da ke ranta ba. In aka kashe fitila aka fara hirar samari da aure, sai ta ja bargo ta rufe kai.

Ba mawaƙa kaɗai suka lura da wannan ba. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Judith Wallerstein, ta fara bin yara 131 daga gidaje 60 da aure ya mutu a jihar Kalifoniya tun 1971, ta yi ta komawa wurinsu har shekara 25. Abin da ta fi nanatawa a littafin da ta fitar a 2000 shi ne, ciwon ba ya gama bayyana a lokacin rabuwar. Yakan kwanta ya yi lamo, sai yaran sun girma sun zo neman abokin zama sa'an nan ya tashi, su riƙa jin tsoron nasu ma haka zai ƙare. Wasu masana sun soki aikinta, sun ce gidajen da ta bi sun yi kaɗan. Wata kuma, Mavis Hetherington, wadda ta bi gidaje wajen 1,400, ta ce kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na irin yaran nan suna tashi lafiya lau. Na yarda da wannan, ina kuma murna da shi. Amma tashi lafiya lau a idon mai ƙidaya bai hana mutum yawo da abin da baiti na biyu ya kwatanta ba. Ita kanta Hayley, wadda a shekara 20 ta riga ta yi suna a duniya, da an zo ƙirga ai cikin masu lafiya lau za a sa ta.

Wani zai ce me ya sa mawaƙan Amurka na wancan lokaci suka yawaita irin wannan waƙa. Ruwa ba ya tsami banza. A 1969 gwamnan Kalifoniya, Ronald Reagan, ya sa hannu a dokar da ta ba ma'aurata damar rabuwa ba sai ɗaya ya tabbatar wa kotu laifin ɗayan ba, sauran jihohi suka yi ta bi. Ko dokar ce ta jawo, ko kuwa ta tarar da abin yana tafe, masana suna gardama. Ala kulli halin, mutuwar aure ta yi ta hawa a ƙasar har ta kai ƙololuwa wajen 1980. Yaran da aka haifa cikin shekarun nan su ne suka girma suka ɗauki jita. A 2001 ƙungiyar Blink-182 ta fito da "Stay Together for the Kids", wadda ta samo asali daga rabuwar iyayen ɗaya daga cikinsu, Tom DeLonge, cike take da fushi. A faifanta na shekarar dai, mawaƙiya Pink ta yi "Family Portrait", inda yarinya ke roƙon iyaye su daina faɗa, har tana alkawarin gyara halinta, sai ka ce ita ta yi laifin.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Kelly Clarkson, domin tana da shekara 16, daidai shekarunmu, ta fara rubuta "Because of You". Iyayenta sun rabu tana da shekara 6. Waƙar ba ta fito ba sai a faifanta na 2004. Ita ba ta yi kara irin ta Hayley ba, kai tsaye ta nuna yatsa, ta ce tsoron da take ji da rashin yarda da mutane duk daga gida ta samo su. Ta kuma taɓo wani abu da ba a cika faɗa ba, watau babba ya mai da yaro abin jinginarsa, ya riƙa sauke masa baƙin cikinsa, alhali yaron shi ke bukatar mai rarrashi.

Mu koma kan waƙarmu. Saura amshi, wanda shi kowa ya haddace. A cikinsa Hayley tana gaya wa wani mutum guda cewa duk hukuncin nan da ta yanke bai hau kansa ba. A nan ne nake da ja, in ba da waƙar ba to da yadda ake jin ta. Masu sa ta a biki suna ɗauka labari ya ƙare: yarinya ta ji ciwo, masoyi ya zo, ta warke. Amma ku duba da kyau, ba ta janye hukuncin ba. Har yanzu a wurinta ƙauna ba ta daɗewa, mutum ɗaya kurum ta tsame. Wanda ya ce duk rijiyoyin gari guba ne sai guda ɗaya, ai bai yarda da ruwa ba tukuna. Ranar da guga ya fito da laka daga wannan ɗayar, ina za shi? Kaya ne mai nauyi a ɗora wa mutum, a ce shi zai biya bashin da uba da uwa suka ci. Ɗan Adam ne shi ma, tara yake bai cika goma ba, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma wadda ta tashi da irin rantsuwar nan, da an sami ɗan saɓani sai gabanta ya faɗi, ta ce shi ke nan, ga abin nan ya zo.

In za a yi wa mawaƙiyar adalci, ita ta san haka, masu saurare ne suka yi gaggawa. Kusa da ƙarshe ta nuna ta san mutumin ba zai wuce safiya yana nan ba, har tana roƙon ya bar mata wata alama don ta tabbata ba mafarki ta yi ba. (Irin zaman nan nasu na saurayi da budurwa ba tare da aure ba, ba namu ba ne, ba kuma shi nake karewa ba.) Mai neman alama bai sakankance ba. Sa'an nan ba ta rufe waƙar da cewa ta yarda ba, abin da ta nuna shi ne ta dai kama hanya. A hoton bidiyon da aka yi wa waƙar a 2010 ma haka ne. Da farko an nuna ta ta rubuta takardar ban haƙuri ta ajiye wa mutumin yana barci, ta fita. A ƙarshe ta komo ta tarar bai farka ba, ta ɗauke takardar. Ba ta yage ta ba, ɓoyewa ta yi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 2016 Hayley ta auri Chad Gilbert, makaɗin jita na ƙungiyar New Found Glory, wanda suke tare tun kafin waƙar ta fito, a 2017 suka sanar da rabuwarsu. Kelly Clarkson ma a 2015 ta yi wata waƙa, "Piece by Piece", tana yabon mijinta cewa shi ya tattara abin da ubanta ya watsar. A 2020 ta nemi kotu ta raba auren, aka raba a 2022. A 2023 da ta tashi rera waƙar a birnin Las Vegas, sai ta canja kalmomin, ta mai da kanta ita ce mai tattarawar. Na ji masu cewa to ga shi nan, ashe waƙoƙin ƙarya ne. Ni ban ga ƙarya ba. Duk baitocin da suka yi magana kan yarinta suna nan daram, ba abin da ya taɓa su. Wurin da aka ɗora wa mutum guda aikin warkarwa, nan ne ya karye. Ba kuwa cewa nake rabuwar iyayensu ce ta kashe nasu auren ba, tsakanin miji da mata sai Allah.

To, me ya shafe mu? Ba sai an je Amurka za a ga mutuwar aure ba. A Kano yawan zawarawa ya kai har gwamnati ta shiga aurar da su ta hannun Hukumar Hisba. An fara da aure 100 a 2012, a 2023 kuwa aka ɗaura 1,800 na zawarawa da 'yan mata a lokaci guda. In ana maganar nan a rediyo za ka ji ana lissafin sadaki da gado da katifa, ana ta musu ko laifin maza ne ko na mata. Ba a cika tambayar inda yaran auren farko suka kwana ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi ƙoƙari a littafinta Alhaki Kuikuyo Ne na 1990, inda miji ya kori Rabi da 'ya'yanta 9, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Amma ko a nan, a ganina, da idon manya muka fi kallon abin.

Mu ma muna da namu kalmomin, kuma kowace akwai yaro a bayanta. Akwai agola, wanda ya bi uwarsa gidan wani miji, yana cin tuwo yana duban fuskar maigida. Akwai wanda aka bari a hannun matar uba. Akwai wanda aka kai wa kaka, ya tashi yana ganin uwarsa sai salla sai salla, kamar baƙuwa. A darasin addini an koya mana cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi wani aure riƙon ya koma hannun mahaifiyarta, ciyarwa kuwa tana kan uba. An kuma koya mana cewa in an yi saki, mace a ɗakinta ya kamata ta zauna ta yi idda. Amma sau nawa muka ga an miƙa takarda da dare, da safe an kira a-kori-kura ta kwashe kaya, yaro kuma da zarar an yaye shi an zo an karɓe?

A makarantar kwana abin ba ya ɓoyuwa. Ranar ziyara ake ganewa. Ga wadda uwarta ta zo da safe, ubanta sai da la'asar, don kada su haɗu a bakin ƙofa. Ga wadda aka aiko mata ƙanin uba da ƙulli a leda. In hutu ya matso kowa yana ɗokin gida, ita kuwa tana lissafin gidan da za ta fara sauka wanda ɗayan ba zai yi fushi ba, da wanda za ta fara nuna wa takardar sakamako.

Na san abin da za a ce. Za a ce ɗa na gari ba ya tona asirin gidansu, kuma ɗabi'ar Turawa ce mutum ya hau dandali ya faɗi laifin ubansa. Akwai gaskiya a ciki. Ni ma ba zan so in ji wata ta kama sunan mahaifinta a waƙa tana zagi ba, kuma hakkin iyaye bai faɗi ba don sun rabu. Wani auren ma rabuwarsa ita ce rahama, har ga su yaran. Amma waƙar da muke magana a kanta ba ta zagi kowa ba. Ta ambaci kukan uba da tausayi, a bidiyon ma har rungume shi ta yi. Abin da ta gani ta faɗa, da abin da ganin ya yi mata. Kunyarmu abu ne mai kyau, amma ita ce kuma ke sa yarinya ta shekara goma da tambaya guda a bakinta ba ta furta ba: ko laifina ne? In ta yi ƙarfin hali ta tambaya, a ce mata maganar manya ce, tashi ki ba mutane wuri. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, yaro ma a ɗakin yake kwana.

Saboda haka ina da roƙo biyu ƙanana. Ku 'yan'uwana masu rera amshin nan a bakin famfo, in kun koma hutu ku saurari baitocin, ku nemi wanda ya fi ku Turanci ya warware muku inda ya shige muku duhu. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon a fitowa ta gaba a ware shafi guda, inda duk ɗalibar da ke da irin wannan labari za ta rubuta shi da Hausa, ko waƙa ko zube, ba tare da an buga sunanta ko ajinta ba. A ajiye akwatin karɓar rubutun a laburare maimakon ofishin malamai, mabuɗin kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya.